Yadda Ake Karanta Tsofaffin Waƙoƙin Addini na Ingila Har a Ji Daɗinsu

Ɗalibai masu shirin jarrabawa da malaman adabi na sakandare sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: ta ina ake kama tsofaffin waƙoƙin addini na Turawan Ingila? Tambayar ta yawaita ne tun da hukumar WAEC ta sa waƙar George Herbert mai suna The Pulley a manhajar adabi ta 2016 zuwa 2020, sannan waƙoƙin John Donne da Gerard Manley Hopkins suka shigo a manhajar da ta biyo baya. Yawancin masu tambayar sun riga sun haddace taƙaitawa da jerin jigogi daga littattafan share fagen jarrabawa, amma ita waƙar kanta ba ta taɓa zuciyarsu ba, kuma da an sauya salon tambaya sai su rasa madafa.

Tsohon Turanci yana da nasa wahalar, amma abin da ya fi hana mutane jin waƙoƙin nan shi ne suna fara aikin daga ƙarshe. An rubuta su ne domin mutanen da kunnuwansu suka cika da Littafi Mai Tsarki tun suna yara, masu karatu da murya, a hankali, su maimaita gobe. Wanda yake son ya ji abin da suka ji, sai ya bi tsarin da ya yi kusa da nasu: kunne da farko, sai jimla, sai nassi, sharhin masana kuwa a can ƙarshe. Ga matakan yadda nake koyar da su.

1. Haɗa kayan aiki

Kusan komai kyauta ne in ban da kuɗin data da na buga takarda. Mawaƙan nan sun daɗe da rasuwa, babu haƙƙin mallaka a kan aikinsu, don haka za ka sami matanin a shafukan Poetry Foundation da Project Gutenberg. Ka kai shagon buga takardu a fitar maka da waƙar a shafi ɗaya, a bar fili a gefe domin rubutu.

Sai Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar da aka yi da umarnin Sarki James a 1611, domin kalmominta ne suka fi kusa da waɗanda ke bakin mawaƙan. Ka haɗa da fassarar Hausa, wadda aka fara kammalawa tun 1932, kuma yanzu tana cikin manhajojin waya. Kana bukatar ƙamus mai nuna tsohuwar ma'anar kalma. Wiktionary yana yin haka. Sai littafin rubutu da fensir. In kana da halin sayen littafi ɗaya, nemi tarin waƙoƙin da Helen Gardner ta tace wa kamfanin Penguin a 1957, domin Donne da Herbert da Henry Vaughan duk suna ciki, kuma yakan faɗo a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin jami'o'i.

Hattara: kada ka yi nazarin waƙa a fuskar waya. Allon yakan karya dogon ɗango gida biyu, ka ɗauka mawaƙin ne ya karya shi. Kuma a karon farko ka zaɓi bugun da aka gyara rubutun kalmominsa zuwa na zamani. Bugun Herbert na farko, na 1633, yana da kyau, amma ba yau ba.

2. Fara da gajeriyar waƙa, kuma ka fara da Herbert

Mutane da yawa suna farawa da Paradise Lost ta John Milton saboda ita ce ta yi suna. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ne: ɗango fiye da 10,000, ga jimloli masu tsawon shafi. A ganina Herbert ne ƙofar shiga. An haife shi a 1593, ya yi fice a Jami'ar Kambirij har ya zama mai magana da yawunta a gaban sarki da manyan baƙi, daga baya ya zama limamin ƙaramin coci a ƙauyen Bemerton kusa da Salisbury a 1630, ya rasu a 1633 bai cika shekara 40 ba. Kalmominsa na cikin gida ne: tebur, ƙofa, igiya, hayar gona, baƙo da mai masauki.

Ka bi su a haka: The Pulley, sai Redemption, sai Love ta uku, sai The Collar. Bayan su ka koma kan Donne da waƙoƙinsa masu ɗango 14 da ake kira Holy Sonnets, sannan waƙar Milton a kan makantarsa. Waƙa ɗaya a mako ta isa. Ka ware mata zama uku, na farko kamar awa ɗaya, sauran rabin awa.

Hattara: Herbert yana da waƙoƙi da dama masu suna ɗaya. Love guda uku ne, Affliction guda biyar. Na Donne kuma lambobinsu sun bambanta daga bugu zuwa bugu, domin na 1633 ya ƙunshi 12 ne kawai, na 1635 ya kai 16, jimlarsu kuwa 19. Ka riƙa neman waƙa da ɗangonta na farko, kada ka dogara da lamba.

3. Karanta da murya sau uku kafin ka buɗe ƙamus

A karatun farko kada ka tsaya ko da ba ka gane komai ba. A na biyu ka riƙa buga yatsa a tebur duk inda muryarka ta danna. A na uku ka sa alama a ƙarshen kowane ɗango don ka ga yadda amsa-amo yake tafiya.

Nan ne Bahaushe yake da riba, nan ne kuma yake da tarko. Ribar ita ce mun taso muna jin waƙa a rere, ba sai an koya mana cewa baiti abin ji ne ba. Tarkon shi ne karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar na Larabci, yana auna gaɓa ne ta tsawo da gajarta, shi kuwa na Turanci yana ƙirga inda murya ta danna. Ɗangon da suka fi amfani da shi yana da gaɓa 10 da dannawa 5, marar nauyi sannan mai nauyi, ta-TAM har sau biyar. In ka nemi dogayen gaɓoɓi irin namu za ka ce ɗangon ya karye alhali lafiyarsa ƙalau. Haka kuma amsa-amo ɗaya ba ya ratsa waƙa tun daga farko har ƙarshe kamar yadda muka saba. Kowane baiti da nasa.

Gwada da The Pulley. Baiti 4 ne, kowanne ɗango 5. Ɗango na farko da na biyar gajeru ne masu dannawa 3, na tsakiya uku dogaye masu dannawa 5. Ko kafin ka san me ake cewa, bakinka zai ji baitin yana buɗewa yana kuma tsukewa.

In kana shakkar furucin kalma, akwai karatun sa-kai kyauta a LibriVox. Amma ka saurara bayan ka gwada da kanka. Kuma in ka ga ɗigo ko 'yar alama a kan harafin e a ƙarshen kalma, ana nufin ka furta ta da ƙarin gaɓa ɗaya don kari ya cika.

4. Warware jimla, ka manta da ɗango na ɗan lokaci

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne tsayawa a ƙarshen kowane ɗango kamar an kai aya. Sau da yawa jimlar tana zarcewa ɗango uku ko huɗu. Ɗauki fensir ka zagaye kowace aya da alamar tambaya. Abin da ke tsakanin aya da aya shi ne jimlarka. A kowace jimla ka nemo mai aikatawa da aikatau, domin mawaƙan sukan jinkirta su ko su juya tsarinsu. Daga nan ka rubuta jimlar da Hausa mai sauƙi a gefen takarda, kamar kana gaya wa ƙaninka. Duk inda Hausar ta ƙi fitowa, to, nan ne ba ka gane ba tukuna, komai yawan kalmomin da ka sani.

Sai yanzu za ka buɗe ƙamus. Baƙuwar kalma ba ta cika yin ɓarna ba, tunda za ka neme ta. Wadda ka sani ce take yaudararka, domin shekara 400 sun sauya mata ma'ana. A waƙar makantar Milton, fondly tana nufin cikin wauta, prevent kuma tana nufin riga wani abu isowa. A ƙarshen Love ta uku, meat abinci ne kowane iri. Want yawanci rashi ne, still kuma sau da yawa kullum take nufi. Thou da thee ba na girmamawa ba ne kamar yadda ɗalibai suke zato. Su ne ake faɗa wa na kusa, ɗa ko aboki, kuma da su ake kiran Allah a addu'a. Wanda bai san wannan ba zai ji nisa a inda mawaƙin yake nufin kusanci.

Hattara: in kalma ta dawo sau biyu ko uku a gajeriyar waƙa, duba ko ma'anarta ɗaya ce a ko'ina. A The Pulley, rest hutu ce a baiti na biyu, a na ƙarshe kuma saura take nufi, kuma a kan wannan ne aka gina waƙar.

5. Tantance wa ke magana, kuma da wa yake yi

Mai karatun da ya saba da waƙoƙin wa'azi yakan shiga yana jiran a kira jama'a a yi musu gargaɗi. Akwai irin wannan a littafin waƙoƙin Herbert mai suna The Temple. Kashinsa na farko, The Church-porch, baiti 77 ne na nasiha ga saurayi a kan giya da rantsuwa da caca da bashi da ladabin shiga coci. Amma zuciyar littafin daban take. A can mutum ɗaya ne yake magana da Ubangijinsa, wani lokaci yana roƙo, wani lokaci yana kuka, wani lokaci ma yana gardama, mu kuma muna gefe muna ji.

Don haka a gefen kowane ɗango ka rubuta sunan mai magana. A Love ta uku, mai ɗango 18, muryoyi biyu ne suke musayar magana ba tare da alamun zance ba a tsofaffin bugu. Baƙo ya zo ƙofa yana jin kunyar ƙurar jikinsa da zunubinsa, yana ja da baya. Mai masauki, wanda ake kira Ƙauna, yana matsowa yana tambayarsa me ya rasa. Baƙon ya ce bai cancanci ya ɗaga ido ya dube shi ba, aka ce masa wa ya yi idon in ba ni ba. Ya ce to bari ya yi hidima, aka ce a'a, zama za ka yi ka ci. In ka rikita wanda ya faɗi wanne, waƙar ta rushe gaba ɗaya.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa a fili a nan. In kai Musulmi ne za ka ci karo da aƙidar da ba taka ba: gicciye, fansa ta jinin Almasihu, Allah yana magana da siffar ɗan Adam. Fahimtar abin da mawaƙi ya yi imani da shi ba amincewa da shi ba ne, kuma adalci ga waƙar shi ne ka bar ta a kan aƙidarta. Ƙauna a wannan waƙa Almasihu ne, teburin kuma na Jibin Ubangiji ne, wato cin gurasa da shan inabi a coci don tunawa da Almasihu. In ka mayar da ita waƙar soyayya ko ta karimci kawai, ka karanta wata waƙa dabam. In kuma kai Kirista ne, naka tarkon shi ne saurin cewa ai na san ayar, ka wuce ba ka ga abin da mawaƙin ya yi da ita ba.

6. Tono nassin da ke ƙarƙashin waƙar

Wannan mataki shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi biya. Dokar 1559 ta wajabta wa kowa a Ingila zuwa coci ranar Lahadi, wanda ya ƙi a ci shi tarar sule ɗaya. Littafin addu'o'in Cocin Ingila ya tsara a karance Zabura duka 150 a kowane wata, safe da yamma. Saboda haka manomin da bai iya sa hannu a takarda ba yana ɗauke da ɗaruruwan ayoyi a kansa. Mawaƙi ba ya bukatar kawo aya cikakkiya. Kalma biyu sun isa, mai sauraro zai ƙarasa sauran da kansa. Mu da ba mu taso a haka ba dole mu yi da hannu abin da su suke yi ba da saninsu ba.

Yadda ake yi: ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta yi maka kama da ta littafin addini, ko hoton da ya faɗo ba zato, kamar ƙaya, inabi, talanti, ango. Rubuta kalmomin a wurin bincike tare da harufan KJV, wato fassarar Sarki James. In ayar ta fito, kada ka tsaya a kanta ita kaɗai. Karanta abin da ke gabanta da bayanta, da Turanci sannan da Hausa. Daga nan ka tambayi kanka: me mawaƙin ya ɗauka, me ya bari, me ya juya?

A The Pulley, maganar Allah ta farko tana amsa Farawa 1:26, inda aka ce bari mu yi mutum. Sai aka nuna shi yana zuba wa mutum albarkatai daga kwalba: ƙarfi, kyau, hikima, daraja, jin daɗi. Da ya ga hutu ne kaɗai ya rage a gindin kwalbar sai ya dakata, don kada mutum ya bauta wa kyautar ya manta da mai kyautar. A bar shi da arziki da gajiya, in nagarta ba ta kawo shi ba, gajiya ta jefo shi. Wanda ya je cocin Herbert ba zai kai ƙarshen baitin nan ba sai Matiyu 11:28 ta faɗo masa, inda ake kiran masu wahala da nauyin kaya su zo a ba su hutu, domin ana karanta wannan aya a duk hidimar Jibin Ubangiji. Waƙar ba ta ambaci ayar ba ko sau ɗaya. Sunanta ma, wato ƙarfen nan mai juyawa da ake rataya igiyar guga a kansa a bakin rijiya, bai fito a cikin baitocin ba. An bar wa mai karatu ya gano cewa nauyin da ke jan igiya ƙasa shi ne yake ɗaga guga sama.

Zaman cin abinci na Love ta uku yana kan Luka 12:37, inda maigida ya yi ɗamara ya zaunar da bayinsa yana yi musu hidima. Waƙar makantar Milton kuwa ba za ta buɗe ba sai ka karanta misalin talanti a Matiyu 25, labarin bawan da ya binne kuɗin ubangidansa aka hukunta shi. Milton ya makance gaba ɗaya wajen 1652, yana tsoron kada baiwarsa ta rubutu ta zama wannan kuɗin da aka binne.

Hattara: Zaburar da ake karantawa a cocinsu fassarar Miles Coverdale ce, wadda ta girmi ta 1611 da fiye da shekara 70. In kalmomin mawaƙi sun yi kama da Zabura amma ba su dace da ta Sarki James ba, nemi ta littafin addu'o'in. Kada kuma ka wuce gona da iri ka ce kowace kalma aya ce. In ayar ba ta ƙara wa waƙar haske ba, ajiye ta.

7. Nemo inda waƙar ta juya

Kusan kowace waƙa a cikinsu tana da wurin da ta sauya hanya. Nemi kalmomi irin su but da yet, ko inda sabuwar murya ta shigo. A waƙa mai ɗango 14 juyin yakan zo a farkon ɗango na 9. A ta Milton ya zo da wuri, a tsakiyar na 8, Haƙuri ya katse ƙorafin tun bai gama fita ba, kuma wannan riga-isowa da gangan ne.

The Collar ta fi kowacce nuna wannan. Ɗango 36 ne. Limami ya bugi tebur ya ce ya gaji, zai kama gabansa, ya yi ta lissafa shekarun da ya ɓata yana nishi da hawaye. Tsawon ɗango a hargitse, amsa-amo ba tsari. A ɗango huɗu na ƙarshe sai ya ji kamar wani ya kira shi ɗa, ya amsa da Ubangijina, kuma a nan ne kawai amsa-amon ya daidaita. A Denial ya yi irin wannan dabara: ɗangon ƙarshe na kowane baiti ba ya amsa kowa muddin addu'a ba ta karɓu ba, sai a baitin ƙarshe. Easter Wings kuma an jera ta ne da siffar fukafukai, har bugun 1633 ya kwantar da ita a gicciye a shafuka biyu masu fuskantar juna.

In ka gano juyin, rubuta jimla biyu: abin da mai magana yake ji kafinsa, da abin da yake ji bayansa. Wannan ya fi jerin adon harshe goma amfani, a jarrabawa da wajenta.

8. Tambayi su wa suka karanta ta, kuma don me

Waƙa takan ƙara buɗewa in ka san hannun da ta ratsa. Tambayoyi uku za ka riƙa yi: a rubuce da hannu ta yaɗu ko a bugu? Mawaƙin yana da rai lokacin? Masu karatun suna cikin wane hali?

Donne bai buga yawancin waƙoƙinsa ba. Abokai ne suke kwafa da hannu suna miƙa wa juna, sai a 1633, shekara biyu bayan rasuwarsa, aka tara su. Ya rubuta ne domin 'yan tsirarun masu ilimi da suka san shari'a da falsafa, shi ya sa yake da kaifi da wuyar bi. Ka kuma riƙe cewa a gidan Katolika aka haife shi a 1572, lokacin da hakan ke da haɗari. Ƙaninsa Henry ya mutu a kurkuku a 1593 saboda ya ɓoye wani fadan Katolika. Daga baya Donne ya koma Cocin Ingila har ya shugabanci babban cocin St Paul na Landan daga 1621. Tsoron hukunci da ke cikin waƙoƙinsa na mutumin da ya bar cocin iyayensa ne.

Herbert kuwa, bisa ruwayar Izaak Walton da ya rubuta tarihinsa a 1670, yana kan gadon mutuwa ya aika wa abokinsa Nicholas Ferrar rubutun, ya ce in yana ganin zai amfani wani mai karyayyar zuciya ya buga, in ba haka ba ya ƙone. Aka buga da sunan The Temple a shekarar da ya rasu, aka yi ta sake bugawa. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka riƙe littafin. Yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa ya ɓarke a 1642, kuma addini na cikin abin da ake faɗa a kansa. Sarki Charles na Ɗaya ya karanta Herbert yana tsare kafin a fille masa kai a 1649. Richard Baxter, malamin da ya yi wa sojojin majalisa limanci, shi ma ya yabe shi yabo mai yawa. Henry Vaughan, wanda ɓangarensa ya sha kaye aka kuma hana littafin addu'o'in cocinsu, ya ce Herbert ne sanadin tubarsa, ya fitar da nasa waƙoƙin a 1650. A 1697 waɗanda suka fice daga Cocin Ingila suka sake wa wasu waƙoƙin kari domin a rera su a taro, John Wesley, jagoran Methodist, ma ya yi haka a shekarun 1730.

Bayan nan aka daina yayinsa na wani lokaci, masana ƙarni na 18 suna ganin salon ya cika ƙaƙale. Duk da haka mawaƙi William Cowper ya ba da labarin yadda ya wuni a kan littafin lokacin da ciwon damuwa ya kama shi yana saurayi a Landan. A 1921 Herbert Grierson ya fitar da tarin waƙoƙin wannan zamani, T. S. Eliot ya yi masa sharhi, daga nan suka dawo ajin makaranta, hanyar da ta kawo su har manhajarmu. A 1938 Simone Weil, Bafaranshiya 'yar gidan Yahudawa, ta haddace Love ta uku tana maimaita ta duk lokacin da ciwon kai mai tsanani ya taso mata.

Amfanin wannan a aikace: zaɓi mutum ɗaya cikinsu, ka sake karanta waƙar kana tunanin halin da yake ciki. Wane ɗango ne zai tsaya wa sarkin da ke jiran hukunci? Wanne ne zai tsaya wa marar lafiya? Za ka ga wuraren da ka tsallake a karatun farko.

Hattara: Walton masoyin Herbert ne, ya rubuta shekara 37 bayan rasuwarsa, kuma yana son nuna shi a matsayin waliyyi. In za ka kawo labarinsa ka ce in ji Walton. Kada kuma ka ɗauki kowane ɗango a matsayin tarihin rayuwar mawaƙi.

9. Kwafa da hannu, ka haddace baiti ɗaya

Masu karatun wancan zamani suna da littafin da suke kwafe duk abin da ya burge su a ciki. Yi haka. Hannu yana lura da waƙafi da babban baƙi da ido ya tsallake. Sannan ka haddace ko da baiti ɗaya ne, ka riƙa faɗarsa a hanya. Bayan mako biyu ka koma kan takardarka ta farko ka gyara Hausar da ka rubuta a gefe.

10. Yanzu ka buɗe sharhi

Ka karanta sharhi biyu aƙalla, ba ɗaya ba, ka ga inda suka saɓa. Duk abin da mai sharhi ya ce, nemi ɗangon da ya dogara da shi. In babu, kada ka ɗauka. Taƙaitawar intanet da yawa kwafin juna suke yi har da kurakuran. Kuma sunan da ake yi wa mawaƙan nan, metaphysical, saboda yadda suke kamanta abubuwan da ba su da alaƙa a zahiri, ba su suka raɗa wa kansu ba. Samuel Johnson ne ya yaɗa shi a 1779, kuma da sigar suka ya faɗe shi. Rubuta shi a takardar amsa ba tare da nuna kamancen da ya sa aka ce haka ba, ba ya kawo maki.

11. Daga nan ka nufi Hopkins da Milton

In ka yi waƙoƙi shida ko takwas a haka, ka isa ka taɓa Hopkins. Fada ne na Katolika da ya rasu a 1889 kusan ba wanda ya san shi mawaƙi ne, sai a 1918 abokinsa Robert Bridges ya buga waƙoƙinsa. Yana ƙirga dannawa ne kawai, bai damu da yawan gaɓa ba, kuma yakan sa alama a inda yake son murya ta danna. Bi alamunsa. Fara da Pied Beauty da God's Grandeur.

Paradise Lost ta fito a 1667, Milton yana makaho yana faɗa ana rubutawa, mai bugawa ya biya shi fam 5 a farko. Masu karatun farko ma sun sha wuya da ita, har a 1668 aka ƙara taƙaitawa a zube da bayanin dalilin da ya sa ba ta da amsa-amo. Saboda haka kada ka ji nauyin karanta taƙaitawar da ke gaban kowane kashi, Milton ne ya rubuta ta da kansa. Nemi bugun da ke bin na 1674 mai kashi 12. Karanta surori uku na farko na Farawa tukuna. Mataki na 4 shi ne makaminka a nan: a jimlar farko aikatau bai iso ba sai a ɗango na 6, jimlar kuma ta kai ɗango 16.

Hattara: jawaban Shaiɗan a kashi na 1 da na 2 suna da daɗin ji ƙwarai, kuma tun zamanin William Blake ake muhawara a kan ko ya fi ƙarfin mai rubuta shi. Kada ka yanke hukunci sai ka ji abin da yake faɗa wa kansa a farkon kashi na 4, lokacin da ba mai jinsa.

In lokaci ya yi maka kaɗan, karanta kashi na 1, na 2, na 4 da na 9, da buɗewar na 3 inda yake maganar idonsa. Dogon jerin sunayen gumaka a kashi na 1 kana iya ratsa shi da sauri a karon farko. In kuwa duka kake so, ɗango 100 a rana da murya zai kai ka ƙarshe cikin kamar wata uku da rabi.